Ihun da Malam Sabo Ya Yi wa Darakta a Rubuce

Ko na bar aikin nan ba na jin zan manta da Litinin ɗin da aka umarce ni in rubuta wa dattijo takardar tuhuma saboda ya yi wa Darakta ihu, alhali shi yana Taura, Darakta yana Dutse, kuma babu wanda ya buɗe baki a cikinsu. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan kun sha jin maganar gutsi-gutsi a wajen mai shayi, kowa da irin gishirin da yake ƙara mata. Ni ne sakataren kwamitin da ya zauna a kanta, don haka gara ku ji daga bakina.

Ofishinmu shi ke kula da malaman gona na ƙananan hukumomin da ke kewaye da mu. A lokacin ina jami'in mulki, mataki na goma, wato duk abin da ya shafi fayil ɗin ma'aikaci, hutu ne, ƙarin girma ne, tuhuma ce, ta teburina yake bi. Muna da guruf a waya, wanda aka buɗe domin malamin gona da ke ƙauye ya riƙa turo rahoto ba sai ya ƙona mai ya zo Dutse ba. Abin da aka fi turowa dai gaisuwa ce. Kullum safiya sai an yi sallama, manya su fara, ƙanana su biyo baya, sai sanarwar suna, sai ta ɗaurin aure. Rahoton gona kuwa sai ka yi tono kafin ka same shi.

Daraktanmu na lokacin mutumin kirki ne, sai dai ba ya ɗaukar a yi masa dariya ko da wasa. Shi kansa da manyan baƙaƙe yake rubutu tun zamanin tafireta, domin a ganinsa haka manya ke rubutu. Ana nan sai aka tura shi bita Abuja a kan ladubban rubutu a intanet. Direbansa, wanda ya shiga zauren don ya sha sanyi, shi ya kawo mana labari. Wata matashiya mai koyarwa ta haska wani saƙo a allo, saƙon da Darakta ya tura mata yana tambayar masauki, ba ta ma rufe sunan da kyau ba. Ta ce wa mahalarta ga misalin mutumin da ke yi wa jama'a ihu, domin a duniyar intanet duk wanda ya yi rubutu da manyan baƙaƙe zalla tamkar ya ɗaga murya ne. Zaure ya ɗauki dariya. Direban ya ce a hanyar dawowa ko tsiren da Darakta ya saba saya bai tsaya ba.

Kashegari sanarwa ta hau allon ofis. An hana rubutu da manyan baƙaƙe a guruf. An hana saƙon murya, saboda wani malamin gona daga Buji ya taɓa turo rahoto jaki na kuka a bayansa, har ba a gane wane ne ke bayani ba. Kuma dole kowane saƙo ya fara da sallama. Wanda ya saɓa, ya nuna rashin ladabi ga na gaba da shi, kuma za a hukunta shi a kan haka.

Kun san halin ma'aikaci idan ya tsorata. Kafin mako ya zagayo babu babban baƙi ko ɗaya a guruf. Mutane suka koma rubuta sunayensu da ƙananan baƙaƙe, har da sunan Darakta, takin NPK ma ya koma npk kamar wanda aka rage wa mataki. Sai sanarwa ta biyu ta fito, cewa taƙaitattun sunaye irin na taki a bar musu manyan baƙaƙensu. Nan take mai kula da sito, wanda bai daɗe da dawowa daga Makka ba, ya rubuto takarda yana neman a fayyace masa ko Alh. ɗin da ke gaban sunansa ya shiga wannan rangwame. Sai da aka yi taro a kai. Ya yi nasara.

A cikin wannan hali ne Malam Sabo ya faɗo. Shi ne malamin gonarmu na Taura, kuma babu wanda ya kai shi daɗewa a aiki. Abin da ya rage masa ya yi ritaya bai kai shekara ba, sunansa kuma yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma a ƙarshen shekarar, ƙarin da a kansa za a yanke masa fansho. Mutum ne da ko akuyarsa ta shiga rumbu lallashinta yake yi ta fito. Abu ɗaya muka lura da shi a 'yan watannin nan: amsarsa a guruf kullum sai ta kwana. A yi sanarwar suna yau, shi sai gobe zai ce Allah ya raya. Har tsokanarsa muke yi cewa saƙonsa a kan jaki yake zuwa.

Ranar Litinin ɗin, ƙarshen damina, shinkafa ta fara nuna, ana tsakiyar gaishe-gaishe sai ga wannan daga Malam Sabo:

JAN-BAKI SUN SAUKA A FADAMA. SUNA DA YAWA. A KAWO ƊAUKI YAU.

Wanda bai san jan-baki ba, 'yan tsuntsaye ne ƙanana da ke zuwa garke guda kamar hadari, kuma idan suka sauka a gonar shinkafa da hantsi, kafin la'asar sai dai mai gona ya tattara kara. Ban gama karantawa ba masinja ya leƙo ya ce Darakta na nemana.

Na same shi a tsaye, waya a hannu.

"Malam Habu, ka ga abin da Malam Sabo ya yi mini?"

"Na ga maganar tsuntsaye, ranka ya daɗe."

"Ban tambaye ka tsuntsaye ba. A gaban ma'aikatana, har da masinja, ya tsaya ya daka mini tsawa. Ko sallama babu."

Na ce ko za a fara tura rahoton sama tukuna, tunda abin na gaggawa ne. Ya ce a tura, amma in sake rubuta shi da ƙananan baƙaƙe, in sa masa sallama da gaisuwar iyali, kada can su ce mu ma ba mu da tarbiyya. Haka na yi. Amsar da ta dawo daga sama irin wadda kuka sani ce, an ce ana duba lamarin. Daga nan muka koma kan babbar magana.

Bari in yi wa sababbi bayanin yadda abin yake tafiya. Takardar tuhuma tambaya ce a rubuce, ma'aikaci ya faɗi dalilin da zai sa kada a hukunta shi. Idan amsarsa ba ta gamsar ba, sai a kafa kwamitin ladabtarwa. Idan kwamiti ya same shi da laifi, a sa masa takardar gargaɗi a fayil. Wanda kuwa gargaɗi ya shiga fayil ɗinsa a shekarar ƙarin girma, sunansa ya fita, sai wata shekarar. Malam Sabo ba shi da wata shekarar.

Na sha wahala kafin in samo sunan laifin. A ƙarshe na rubuta "ɗaga murya ga shugaba ta hanyar baƙaƙe", na sa hannu ina jin nauyin kaina. Bayan kwana biyu amsa ta zo a ambulan, rubutun hannu, layi ɗaya, kowane baƙi ya kai girman ɗan yatsa: BAN YI IHU BA. Darakta ya duba, ya ajiye a hankali, ya ce, "Ya sake."

Aka kafa kwamiti. Shugaba ita ce Hajiya Ladi, mai riƙe da sashen kuɗi, mace mai ƙarancin magana wadda har Darakta yakan gyara zama idan ta shigo. Sai Kwamared Iliya, wakilin ƙungiyar ma'aikata, wanda aikinsa shi ne kare wanda ake tuhuma ko da an kama shi da kaya a hannu. Sai ni, mai rubuta abin da aka tattauna.

Ranar Larabar makon da ya biyo baya muka zauna. Na hango Malam Sabo ta taga, wani manomi ya goyo shi a kan babur ɗin ofis, ban kuma kawo komai a raina ba. Ya shigo da farar riga, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya lalubi kujera ya zauna.

Kwamared ya fara da neman a auna ihun. Ya ce sakatare ya karanta saƙon sau biyu, da ƙarfi da kuma a hankali, a ga ko ma'ana za ta canza. Na miƙe, ni da furfurata, na ƙwala wa bango cewa jan-baki sun sauka a fadama, har mai shara ta leƙo. Sannan na sake faɗa cikin raɗa. Kwamiti ya amince cewa a duka biyun tsuntsayen sun sauka.

Sai ya koma kan sanarwa ta biyu. "Hajiya, doka ta halatta manyan baƙaƙe ga abin da aka taƙaita. Saƙon nan kuwa taƙaitacce ne ƙwarai, dubi ko sallama babu."

"Madalla da ka tuna mana," in ji Hajiya. "Sakatare, rubuta rashin sallama, laifi na biyu."

Kwamared ya share gumi, ya ciro makaminsa na ƙarshe. Ya ce ai kowa ya san wayoyin nan, maɓalli kan maƙale, babu shakka na Malam Sabo ne ya maƙale ranar. Yana faɗa yana ƙifta masa ido, yana jira ya ce haka ne, a tashi.

"Wayata lafiyarta ƙalau," in ji Malam Sabo. "Da gangan na rubuta."

Kwamared ya zauna, ya jefa goro a baki.

Ƙa'ida ta ce sai wanda ake tuhuma ya karanta saƙon da kansa ya tabbatar nasa ne. Hajiya ta ce in miƙa masa kofin da na buga. Takardu sun yi mini yawa a gaba, na zaro ɗaya na miƙa. Ya karɓa, ya ɗora yatsa a kan layi, ya karanta a natse yana bin yatsan: jan-baki sun sauka a fadama, suna da yawa, a kawo ɗauki yau. Ya miƙo mini, ya ce, "Nawa ne."

Da na duba, sai na ga ba ita ba ce. Jadawalin hutun ma'aikata na ba shi, mai ƙananan rubutu, babu tsuntsu ko ɗaya a ciki. Na ɗago kai, na ga Hajiya ta riga ni gani. Kwamared ya daina tauna. Sai a lokacin na kalli idanun Malam Sabo da kyau, mutumin da muka shekara da shekaru muna gaisawa, na ga yanar ido ta rufe su fari-fari.

"Sakatare, ajiye alƙalami," in ji Hajiya. Ta juya gare shi, ta sassauta murya. "Malam, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun bara, Hajiya. Ƙananan nan kamar tururuwa nake ganin su, duk da an ƙara mini girman rubutun wayar har ƙarshe. Manyan ne nake iya kamawa idan na kawo ta kusa. Da can da murya nake turo rahoto, sai aka hana. Mai ɗakina ce ke karanta mini idan na koma gida, ita ke rubuta amsa, shi ya sa kuke ganin tana kwana. Ran nan kuwa ina cikin fadama, ba zan jira in koma gida ba. Na rubuta yadda zan ga abin da nake rubutawa."

"To me ya hana ka faɗa, Malam?" in ji Kwamared. "Ai da tuni an wuce wurin."

"In faɗa a tura ni gaban likitocin gwamnati? Su ce ban iya aiki ba, a sallame ni a kan rashin lafiya, saura ƙiris? Aikin bai gagare ni ba. Manoma ke goya ni duk inda za ni, sun sani, ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Ina jira in fita da ƙafata, sannan in je a yi mini aikin idon." Ya gyara hularsa. "Ku rubuta na yi ihu, na yarda. Ƙarin girman ya tafi. Gara a ce ba ni da ladabi da a ce an kore ni don na makance."

Wallahi kunya da tausayi suka rufe ni lokaci guda, na rasa inda zan sa idona. Mu ne masu cewa saƙonsa a kan jaki yake zuwa.

Kwamiti ya shiga tsaka mai wuya. Idan muka wanke shi, dole mu rubuta dalili, dalilin kuwa shi zai kai shi gaban likitoci. Idan muka kama shi, ƙarin girma ya tafi. Darakta kuma ba zai janye sanarwarsa ba, don ya riga ya kai kofinta ga Babban Sakatare an yaba masa. Hajiya ta ce an ɗage zama. Bayan Malam Sabo ya fita, ta tattara jakarta, ta ce mana, "Babu wanda ya ga komai a ɗakin nan. Gobe da safe ku duba wayoyinku."

Ranar Alhamis da safe ina shan koko wayata ta yi ƙara. Hajiya Ladi ce a guruf:

ASSALAMU ALAIKUM. INA KWANANKU. YA IYALI.

Kokon ya kusa sarƙe ni. Ba a jima ba Kwamared ya amsa da irin nasa, har da ƙarin taken ƙungiya. Na dubi wayar, na tuna ni ma ina da fayil, na yi bisimilla na rubuta WA ALAIKUMUS SALAM. Abin da ya biyo baya ba shirinmu ba ne. Sauran ma'aikata ba su san komai ba, amma ma'aikaci idan ya ga na gaba da shi ya yi abu, yakan ɗauka wata sanarwa ce ta fito bai gani ba. Mai sito ya bi, direba ya bi, masinja ya bi, malaman gona daga Garki da Buji suka bi. Kafin in isa ofis gaba ɗaya ma'aikatar tana gaishe da juna da iyakar ƙarfinta.

Darakta bai bari na ajiye jaka ba.

"Malam Habu, tawaye ne?"

"Gaisuwa ce, ranka ya daɗe."

"A ba kowa takardar tuhuma."

Na ce to. Sai na yi masa bayanin tsari yadda aikina ya tanada: zan fara rubuta wa kaina, in sa hannu, in karɓa, in amsa. Idan amsata ba ta gamsar da ni ba, sai a kai ni gaban kwamiti, wanda shugabarsa da wakilin ƙungiya su ma suna jiran nasu kwamitin. Kuma takardar da ta rage a sito ba za ta kai ga malaman gona ba, sai an nemi izinin sayen wata daga Hajiya Ladi.

Yana shirin ba ni amsa wayoyinmu suka yi ƙara tare. Malam Sabo ne. Ya amsa wa Hajiya gaisuwarta, ya tambayi jikin maigidanta. Ya yi wa direba barka da haihuwar da ya sanar a safiyar nan. Ya gyara wa malamin Garki adadin takin da ya ce za a zuba wa masara. Ɗaya bayan ɗaya yake bin mutane, kowa da amsarsa, nan take, kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya.

Darakta ba wawa ba ne. Ya zauna, ya yi ta jan guruf ɗin baya, yana duba tsofaffin amsoshin da ke kwana, ya dawo kan na yau. Ya cire tabaraunsa, ya kalli wayar babu shi, ya matso da ita, ya nisanta ta, ya mayar da tabarau.

"Saura nawa ya yi ritaya?"

"Bai kai shekara ba, ranka ya daɗe."

"Kwamiti ya ga wani abu?"

"Kwamiti bai rubuta komai ba."

Ya ce in je. Na fito na tarar da ofis gaba ɗaya an bar aiki, kowa ya sunkuya a kan waya. Alamar nan ta cewa Darakta yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Har aka kira azahar babu wanda ya motsa daga kujerarsa. Sannan saƙon ya shigo:

MALAM SABO, YAYA AKA ƘARE DA TSUNTSAYEN?

Amsa ba ta ɓata lokaci ba:

SUN ƘOSHI SUN TASHI, RANKA YA DAƊE.

Daga baya muka ji cewa ba duka aka rasa ba. Kwanakin da muka yi muna auna ihu a takarda, manoman Taura suna can cikin fadama da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni, suna ihu na gaske tun daga asuba har faɗuwar rana. Abin da suka tsirar, da maƙogwaronsu suka tsirar da shi. Wasu kuwa kara kawai suka kwasa, kuma wannan har yau yana ci mini rai.

Rahoton kwamiti layi biyu ne. Mun rubuta cewa bayan bincike ba a samu muryar da ta fi ta wani ba a guruf, don haka babu wanda za a ce ya yi ihu. Darakta ya sa hannu. Sanarwar ba a janye ta ba, tana nan a allo, rana ta cinye rabinta. Malam Sabo ya samu ƙarin girmansa, ya yi ritaya a kan lokaci, muka yi masa walima, bayan nan aka yi masa aikin ido aka dace.

Ba mu cire shi daga guruf ba. Wata safiya bayan ya warke sai ga saƙonsa, da ƙananan baƙaƙe tsaf, har da sallama: "assalamu alaikum. na gode, Allah ya rufa muku asiri. ku rage murya haka nan, yanzu ina gani."

Babu wanda ya rage. Shi ya sa ku sababbi kuka tarar da mu haka, shi ya sa kuma baƙi daga Abuja idan aka sa su a guruf sukan kira ni gefe su tambaya ko rigima ake yi. Abin da na koya a aikin nan shi ne, doka ba ta da wuyar kafawa, kuma wanda ya kafa ta ba zai taɓa cewa ya yi kuskure ba, amma mutanen da ke ƙarƙashinta sun san yadda za su rufa wa ɗayansu asiri ba tare da an rubuta ko kalma ɗaya ba. Mun taɓa tayar da maganar komawa ƙananan baƙaƙe a wani taro, Hajiya Ladi ta ce a bari, domin ba mu san wane ne a cikinmu yake karantawa yanzu albarkacin manyan ba, ya yi shiru.

Saboda haka idan za ku turo mini saƙo, ku turo da manya. Kada kuma wanda ya tambaye ni dalili, saura kaɗan ni ma in fita da ƙafata.